Ogan Ɗin da Na Haɗa wa Hedimasta

Ni ban iya kiɗa ba. Gara in faɗi wannan tun da wuri, domin duk wanda ya ji cewa na shafe shekaru ina haɗa ogan a ɗakin da ke bakin ƙofar gidana, abin da yake fara cewa shi ne, "To ɗan kaɗa mana mu ji." In na ce ban iya ba sai ya yi dariya, yana zaton ƙanƙan da kai nake yi. Ba haka ba ne. Ka ba ni waya da dalma da ƙarfen liƙi, zan sa akwatin katako ya yi sauti. Amma in jera sautin nan ya zama waƙa, wannan Allah bai ba ni ba.

A unguwar Liman Abaji ta cikin gari aka haife ni, a gidan da ba a san kowa da kiɗa ba. Aikina koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Da na yi aure sai na lallaɓa na gina ɗan gidana ta wajen Jigwada, lokacin fili bai yi tsadar yanzu ba. Wata ranar Asabar wani mai jari-bola ya wuce ta ƙofar gidan yana tura baro, a saman tarkacensa na hango mataccen abin kiɗa, irin mai maɓallai farare da baƙaƙe. Cikinsa ya ƙone ƙurmus, amma maɓallan lafiyarsu lau. Na saya na shigo da shi a kafaɗa. Maiɗakina ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Malam, wannan kuma haƙoran wa ka kwaso mana?"

Daga ranar na shiga. Na ƙwaƙule cikin na zubar, na fara sabon gini da taransistocin tsofaffin rediyoyi da sifikar wata mota da ta yi hatsari. Ogan nake so, wato irin na coci, wanda muddin yatsanka na kan maɓalli sautin ba zai mutu ba. Kowane maɓalli da nasa ɗan haɗin, da nasa ɗan sukurun da ake murɗawa a ɗaga sauti ko a saukar da shi. Aikin banza ne a idon kowa, ni kuwa a nan nake samun hutun kaina. Yayata da ke gidanmu na cikin gari, duk sanda na je gaishe ta sai ta ce, "Sannu da zuwa, sarkin makaɗa. Yaushe za a fara yi mana roƙo?" Ina da saurin fushi, amma ita ba a yi mata fushi, don haka sai in sha kununa kawai.

Katanga ɗaya ce ta raba ni da Hedimasta. Tsohon shugaban makarantar firamare ne da ya yi ritaya, ɗan ƙabilar Mada, dogo, mai son guga da tsafta, wanda ko shara zai fitar sai ya soke riga cikin wando. Shi yake kaɗa ogan a cocinsu tun kafin gemu ya fito mini. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai abincin salla da na Kirsimeti da matanmu ke aika wa juna. Wata la'asar ina cikin gwaji na ji ana cewa gafara dai a bakin ƙofa. Ya zame silifas ɗinsa kamar yadda kowa ke yi, don ɗakin shimfiɗe yake da darduma, a ciki nake salla in aiki ya riƙe ni. Bai ko zauna ba ya ce, "Injiniya, ka yi haƙuri. Na daure, na daure, na kasa. Fa ɗinka ba ta kai ba."

Sautin fa na cikin do, re, mi, fa yake nufi. Raina ya ɓaci. Na ce na auna ta da na'ura da safen nan, daidai take. Ya ce shi bai san na'ura ba, amma tun bayan azahar take damunsa ta bayan katanga. Ya danna maɓallai biyu tare, ya karkata kai ya ce, "Ka ji suna faɗa?" Na ji kuwa, sautin na rawa kamar ana kaɗa faifai. Na ɗauko na'urar don in ƙure shi, sai ta nuna ta sauka. Ashe mu duka muna da gaskiya. Da safe cikin sanyi nake saita abin, in rana ta bugi kwanon ɗakin, kayan cikin akwatin su ɗau zafi, sai sauti ya zame. Na yi makonni ina canza ƙananan kayan da zafi ke ruɗawa, shi kuma kullum sai ya leƙo ya ji inda aka kwana.

Ranar da ya ce sautin ya yi, sai ya ja kujera ya zauna, ya ɗora hannayensa biyu. Shekaruna nawa da akwatin nan, ban taɓa jin ya yi abin da ya wuce kukan maɓalli ɗaya ba. Sai ga waƙa cikakkiya tana fitowa daga sifikar motar, sama da ƙasa suna tafiya tare. Maiɗakina ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa. Ni kuwa sai na juya ina neman wani abu a cikin akwatin kayan aiki, don idona ya kawo ruwa kuma ba na so su gani. Har gobe ina gode wa mutumin nan saboda wannan yammacin. Shi ne ya fara ɗaukar shirmena da muhimmanci.

Haka muka ci gaba shekaru. Bayan la'asar zai shigo, ya kaɗa, ya yi ƙorafi, in buɗe bayan akwati in gyara. Ni da shi ba ma rabuwa da musu. Amma da ya ji ladan ya fara kiran magariba, ko a tsakiyar baiti yake, zai ɗaga hannayensa ya ce, "Tashi, ana kiranka." Ban taɓa roƙonsa hakan ba.

Wata damina ya faɗi a banɗaki. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin jiki na hagu. Da aka sallamo shi daga asibiti yana iya takawa da sanda, maganarsa ta yi nauyi amma ana ganewa. Abin da bai dawo ba shi ne Hedimastan da muka sani. Ya daina fita. Hannun hagun kullum a ƙarƙashin mayafi, ƙafar hagun kullum cikin safa, ko da zafi. In baƙi suka zo dubiya sai ya ce a ce yana barci. Ko maɓallin riga ba ya yarda ɗansa ya ɓalla masa in akwai idon wani a wurin. A coci kuwa wani ma'aikaci da ke zuwa aiki Abuja ya gaji kujerarsa, mutumin kirki, ba ruwansa.

Ana nan sai aka sa ranar auren autarsa. A cocinsu in amarya za ta shigo, ogan ne ke raka ta tun daga bakin ƙofa har gaban fasto. Shi ya kaɗa wa yayyenta duka, shi ya kaɗa wa rabin matan unguwar. Matarsa, wadda muke kira Mama, ta shigo wurin maiɗakina ta zauna a tabarma tana share hawaye da gefen zane. Ta ce ya ji su suna shirya wanda zai kaɗa, tun ranar bai ƙara cin abincin kirki ba. Ina tsaye a tsakar gida ta ɗago ta ce, "Ɗana, na san mijina. In aka yi bikin nan ba shi ya shigo da Auta ba, ba zai ƙara tashi daga kujerar nan ba."

Na je na same shi. Bai ce yana barci ba, don ya san zan shiga ko ya ce. Na ce, "Baba, hannun dama ai lafiyarsa lau."

Ya ce, "Hannun dama waƙa yake yi. Hagu ne ke riƙe ƙasa. In babu ƙasa, wasan yara ne."

Na ce to ƙafar dama fa? Na tuna masa shi da kansa ya taɓa ba ni labarin babban ogan da ya gani a kwalejin horon malamai, wanda ake kaɗa ƙasansa da ƙafa. Na ce zan haɗa masa irinsa, hannun dama ya yi waƙa, ƙafar dama ta riƙe ƙasa.

Ya ce, "Injiniya, kada ka mai da ni abin kallo."

Nan halina ya motsa. Na ce ni dai zan haɗa, ya zo ko kada ya zo, ba da kuɗinsa zan yi ba. Na fita ko sallama ban yi wa Mama ba. Washegari na ja sifika na jingina ta da katangarsa, na murɗe sukurun maɓallai uku da gangan, na dinga danna su kowace la'asar har maƙwabta suka fara tambayar maiɗakina ko lafiya nake. Ba a rufa mako ba na ji ƙarar sanda a bakin ƙofa. Ya tsaya yana haki, ya ce, "Kai mugun mutum ne." Na ce na sani, ga kujera.

Maɓallan ƙafa na farko da na yi, katako ne dogaye da kafinta ya fere mini, na sa musu sifirin na babur a ƙasa. Bai yi ba. Duk sanda ya danna da ƙafar dama sai jikinsa ya tafi ɓangaren da ba shi da ƙarfi. Rana ɗaya saura kaɗan ya kifa ƙasa, na tare shi da ƙirjina. Na ga in aka sake irin wannan, ba zai dawo ba.

Sai na yi tunanin abin da ba ya bukatar ƙarfi sam. In ka sami ƙarfe biyu kusa da juna da 'yar tsaga a tsakani, fatar mutum kaɗai ta isa ta haɗa su, taransisto ya ji, sauti ya fito. Wutar batir ce 'yar kaɗan, ko jinta ba a yi. Matsalar ita ce inda zan sami ƙarfe mai faɗi mai santsi da ba ya tsatsa. Ina ta wannan magana ni kaɗai a kan abinci, sai maiɗakina ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da manyan tire-tiren silba na kayan aurenta, waɗanda ko da salla ba ta yarda a taɓa su. Ta ajiye a gabana ta ce, "Yanka. Amma in ka ɓata su a banza, ni da kai ne." Ban san yadda zan gode mata ba, sai na ce ai dama sun tsufa. Ta harare ni.

Na yanka su falle-falle, kowane falle na raba shi biyu, na jera su a kan allo a ƙarƙashin ogan ɗin. Dalma ba ta kama silba, don haka kowace waya da sukuru na ɗaure ta. Da Hedimasta ya zo na ce, "Baba, wannan ba dannawa ake yi ba. Taɓawa kawai." Ya miƙa ƙafar dama ya ɗora a hankali, ƙasa ta amsa da wani kauri da ya sa kofin shayina rawa a kan tebur. Ya ɗaga, ya sake ɗorawa. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin ya faɗi.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Mutum mai shekarunsa, a ce ƙafa ta koyi aikin da hannu ya yi shekara da shekaru yana yi. Yakan yi kuskure ya bugi cinyarsa, ya yi wa ƙafar faɗa da Madanci. Ƙafar hagun kuwa tana can gefe cikin safarta, ya tura ta ƙarƙashin kujera. A ƙarshe ya yarda da abu ɗaya: waƙar shigowar amarya kaɗai zai kaɗa, daga nan magajinsa ya karɓa, shi kuma a fitar da shi ta ƙofar gefe. Ana saura 'yan kwanaki ya kama hannuna ya ce, "In ka san akwai abin da zai iya ƙi, faɗa mini yanzu. Gara in zauna a gida da in ji kunya a gaban mutane." Na ce na duba komai. Da batir za mu yi, ko an ɗauke wuta ba ruwanmu. Zafi ma ba zai taɓa shi ba. Da gaskiyata na faɗa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka ɗora ogan a a-kori-kura muka kai cocin. Babu kowa sai wata dattijuwa tana goge benci. Na cire takalmina a bakin ƙofa na shiga. Ta bi ƙafata da kallo, ta ce sannu da aiki. Na haɗa wayoyi, na bi fallayen nan ɗaya bayan ɗaya da ƙafata, kowanne ya amsa. A cikin babban ɗakin sautin ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Na koma gida ina jin kaina.

Da safiyar Asabar aka tashi da ruwa. Tsarin da muka yi shi ne a kawo Hedimasta da wuri, ya zauna kafin mutane su taru, ya ɗan gwada. Amma motar da ta ɗauko shi ta kafe a taɓo a hanyar unguwarmu, sai da matasa suka tura. Kafin ya iso coci ta cika maƙil. Dole ya ratsa ta gaban jama'a da sandarsa, yana jan ƙafa, ɗansa na biye da shi ba ya yarda ya riƙe shi. Ni ina waje tare da sauran maƙwabta Musulmi da muka zo taya murna, amma na zaɓi tagar da ke daidai ogan ɗin na tsaya. Ya sha kwat baƙa, da sabon takalmi mai igiya da angon ya saya masa, yana ta sheƙi. Na ga takalmin sarai, har na ce a raina ya yi masa kyau.

Fasto ya ɗaga hannu. Mutane suka miƙe suka juya suna duban ƙofa, inda Auta ke tsaye cikin fararen kaya, kawunta na riƙe da ita. Hedimasta ya ɗora hannun dama, waƙar ta fito siririya. Ya kai ƙafa. Babu komai. Ya sake kaiwa da ƙarfi, abin da aka ji kawai ƙarar takalmi a kan silba. Ya tsaya. Ya koma farko, hannu ya tafi, ƙasa shiru. Ya sake tsayawa. Cocin ta yi tsit, wani jariri ya fara kuka. Na ga magajinsa ya ɗan ɗaga daga benci yana duban fasto. Na ga Mama ta rufe bakinta da hannu.

Na leƙa ƙasa ina neman wayar da ta tsinke, sai idona ya sauka kan takalmin. Fata ce ke haɗa ƙarfen nan, ni na ƙera shi haka, ni na fi kowa sani. A ɗakina kullum babu takalmi yake kaɗawa, shi bai taɓa sanin fatarsa ce ke aikin ba, ni kuma ban ga dalilin faɗa masa ba. Kowace Lahadi ina ganin maƙwabtana suna wucewa coci da gogaggun takalma. Amma ni ɗan Liman Abaji ne, a can cikin kaina wurin ibada wuri ne da ake tara takalma a bakin ƙofa. Ban taɓa haɗa abubuwan biyu wuri ɗaya ba. Na yi lissafin zafi, na yi na wuta, na yi na ruwan sama, ban yi na wannan ba.

Ban san sanda na zaga na shiga ta ƙofar gefe ba. Na durƙusa a gabansa. Fuskarsa ta jiƙe da gumi. Ya ce a hankali, "Injiniya, ka kashe ni."

Na ce, "Baba, ba kai ba ne. Takalmin ne. Ba ya jin takalmi, sai fata."

Ya dube ni kamar bai gane ba, sannan ya dubi ƙafarsa. Igiya ce, Mama ta ƙulla ta tamau, da hannu ɗaya ba zai iya kwancewa ba. Mutumin da ba ya yarda a ɓalla masa maɓalli a gaban baƙo ɗaya, yanzu sai an tuɓe masa takalmi a gaban duk wanda ya sani. Ya ɗaga kai ya dubi jama'a. Ya dubi ƙofar gefe, wadda take kusa da shi ƙwarai. Sannan ya dubi can ƙarshe inda 'yarsa ke tsaye. Sai na ji ya turo mini ƙafar.

Na kwance ƙullin, na zare takalmin, na zare safar. Zan miƙe sai ya ce, "Ɗayan ma."

Na ce, "Baba?"

"Ba zan kai 'yata gidan miji da takalmi ɗaya ba. Cire."

Na jawo ƙafar hagun daga ƙarƙashin kujera, na zare takalmin da safar. Ranar na fara ganinta tun da ya kwanta. Ta kumbura, ta karkace ciki, yatsun sun dunƙule. Waɗanda ke bencin gaba duk suna gani. Shi ma ya sunkuya yana kallonta, kamar wanda ya haɗu da wani da suka daɗe ba sa magana. Sai ya ce, "Ka ce taɓawa kawai, ko ba haka ba?" Na ce haka ne. Ya ce, "Ɗora ta a kan do na ƙasa."

Na ɗauke ta da hannu biyu na ɗora a kan fallen farko. Sautin da ya fito mai kauri ne, ya bi ta siminti ya shiga gwiwoyina. Jaririn nan ma ya yi shiru. Amma ƙafar ba ta da ƙarfin tsayawa, ta fara zamewa, sautin ya fara yankewa. Na riƙe idon sawun na zauna dirshan a ƙasa. Ya bar wannan sautin shi kaɗai ya cika ɗakin na ɗan lokaci, sannan hannun dama ya shigo a kansa, ƙafar dama ta bi. In ya zo inda ba ya son na ƙasan sai ya ce, "Ɗaga," in ɗaga. In ya ce, "Ɗora," in ɗora. Bai yi kuskure ko ɗaya da na ji ba. Daga can baya wata mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka.

Daga inda nake zaune ba na ganin komai sai ƙafafun mutane da gefen farar rigar Auta tana matsowa a hankali. Da ta iso gaba ta tsaya daidai mu, kawunta na ɗan janta tana ƙi. Ta dubi uban, ta dubi ƙafafunsa, hawaye na ɓata mata kwalliya. Shi bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen baitin, don shi ba ya barin waƙa a rataye. Ya riƙe sautin ƙarshe ya daɗe, sannan ya ce, "Ɗaga."

Na sha yin godiya ga Allah a rayuwata, a kan haihuwa, a kan lafiya, a kan samun aiki. Amma ban tuna wata godiya da ta cika mini ƙirji kamar wadda na yi a zaune a simintin nan ba, da ƙafar maƙwabcina a hannuna. Na gode da bai tashi ya fita ba. Na gode da ya yarda ni in riƙe.

Fasto ya ce a zauna. Magajin nasa ya taso a hankali ya tsaya a gefe, kamar yadda aka shirya, ɗansa kuma ya matso da sanda. Na ɗauki safa na fara buɗe bakinta zan mayar masa. Sai ya janye ƙafar dama.

Ya ce, "Ajiye wannan." Ya juya wurin magajin nasa ya ce, "Na gode, ɗana, je ka zauna." Sannan ya dube ni a ƙasa. "Kai kuma gyara zama. Akwai sauran waƙoƙi."